Tsohon Soja “Marar Gida”: Kalmar da ke Gagarar Mai Fassara a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

A watan Afrilun 2014 tashar CBS ta Amurka ta nuna wani kashi na shirin NCIS, wasan kwaikwayon binciken laifuffuka da aka fara tun 2003. A cikin wannan kashi, wanda ya zo a zango na 11, wani sojan ruwa mai ɗaukar hoto ya ɓace ana gab da ya ba da shaida a kotun soja. Neman sa ya kai masu bincike cikin tsofaffin sojojin da ke kwana a titi, waɗanda ya daɗe yana ɗaukar hotunansu. A gefe guda kuma Abby Sciuto, mai binciken kimiyya ta ofishin, tana ƙoƙarin sada wata matashiya mai kwanan titi da iyayenta.

Fassara fina-finan ƙetare zuwa Hausa ta zama sana'a. Kamfanoni irin su Algaita na Kano sun sa jaruman Indiya suna magana da Hausa, ana kuma kallon aikinsu a wayoyin hannu har ƙauyukan jihar Maraɗi. Da za a ba mai fassara wannan kashi na NCIS domin masu kallo na Tasawa da Mayahi, zai ci karo da kalma ɗaya da ke maimaituwa daga farko zuwa ƙarshe, wato homeless. Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa kalmar ke da wuyar shiga Hausa. Abin da take son nunawa shi ne, Ingilishi ya raba rashin wurin kwana da yankewar zumunci ya mai da su matsaloli biyu, amma Hausa ta ɗaure su cikin kalma guda, kuma duk kalmar da mai fassara ya zaɓa hukunci ce ya yanke wa mutumin da ake magana a kansa.

Abin da kalmar ke nufi a inda ta fito

A Amurka kalmar tana da ma'anar hukuma. Ma'aikatar gidaje ta ƙasar takan ƙidaya, a dare ɗaya na watan Janairu, mutanen da suka kwana a titi ko a gidajen agaji na wucin gadi. A ƙidayar 2010 an samu tsofaffin sojoji kimanin 74,000 a cikinsu. A 2014, shekarar da aka nuna wannan kashi, adadin ya sauko zuwa kusan 50,000, a 2024 kuma ya kai wajen 33,000. Ma'aunin dai shi ne inda mutum ya sa haƙarƙarinsa a wannan dare. Ba a tambayar ko yana da uwa da uba, ko yana da 'yan'uwa. Faransanci ma haka ya bi: sans domicile fixe, wanda ake taƙaitawa SDF, yana nufin wanda ba shi da tsayayyen adireshi.

Saboda haka marubutan shirin suka iya gina labari mai zare biyu. Zare na farko na tsofaffin sojoji ne da hukuma ta yi sakaci da su. Na biyu na matashiyar da ta rabu da iyayenta ne. Mai kallo a Amurka yana ganin alaƙar da ke tsakaninsu, amma harshensa ya ba shi damar ambaton kowanne shi kaɗai. Akwai kuma dalili na fasahar labari da ke sa wasannin binciken laifi son irin waɗannan mutane: mugu yakan nemi wanda in ya ɓace ba mai neman sa. Bahaushe zai ce wanda ba mai cigiyarsa. Da zarar an faɗi haka da Hausa, maganar ta tashi daga kan ɗaki da rufi ta koma kan dangi, domin dangi ne ke kai cigiya gidan rediyo ko fadar mai gari.

Faɗin ma'anar “gida”

Ingilishi yana da house ga gini, da home ga inda mutum ke jin nan ne nasa, da family ga iyali. Hausa tana ɗaukar duka ukun da kalmar gida. A jimlar “ya gina gida” gini ake nufi. A gaisuwar “ina gida?” ko “a gaida gida” mutane ake nufi, domin ba a gaida bango. A “gidansu gidan malamai ne” zuriya ake nufi. Ɗan ci-rani da ke Agadas ko Legas in ya ce “zan je gida” yana nufin garinsu, ko ma ƙasarsa baki ɗaya. Harɗaɗɗun sunaye sun ƙara tabbatar da haka: maigida, uwargida, ɗan gida, 'yan gida ɗaya. Babu ɗaya a cikinsu da ke magana a kan tubali.

Taswirar jihar Maraɗi ma shaida ce. Gidan Amumun a gundumar Mayahi, da Gidan Rumji da Gidan Sori a yammacin jihar, duk garuruwa ne da suka ɗauki kalmar gida a farkon sunansu. Ga al'ada, irin wannan suna yana nuna wurin da wani mutum ya sauka da iyalinsa, ya sari daji, zuriya ta yaɗu har wurin ya zama gari. Masana zamantakewa irin su Guy Nicolas da Claude Raynaut, waɗanda suka yi aiki a ƙasar Maraɗi, sun bayyana gida a matsayin tushen tsarin noma da zama: akwai gandu, gonar da kowa ke yi wa aiki a ƙarƙashin maigida, akwai kuma gamana, 'yar gonar da ake yankar wa saurayi ko mace. Zama ɗan gida yana nufin mutum yana da hannu a gandu, yana da rabo a rumbu, yana da inda za a yi masa sutura in ya mutu.

Daga nan matsalar mai fassara ta fito fili. In ya ce “marar gida”, mai sauraro a Kanambakashe ko Urafan zai iya fahimtar abu biyu, kuma duka biyun sun kauce. Zai iya ɗauka mutum ne da bai gina nasa ba tukuna, kamar ɗan haya ko saurayin da ke kwana a zaure, wanda ba abin tausayi ba ne. Zai iya kuma ɗauka mutum ne marar asali, wanda zagi ne mai nauyi.

Sauran kalmomin da ke kusa

“Marar matsuguni” ita ce kafofin yaɗa labarai suka fi amfani da ita. Tushenta aikatau tsuguna ne, da ɗafa-goshin ma- mai nuna wuri, kamar yadda ake samun mazauni daga zauna. Ta dace da ma'anar hukuma, sai dai kunne ya saba jin ta a labarin ambaliya da gobara da gudun hijira, inda iyali gaba ɗaya ke rasa wuri tare. Ba ta ɗauke da kaɗaici.

“Mabaraci” tana bayyana sana'a, alhali da yawa daga masu kwanan titi ba sa bara. “Almajiri” ta fi muni wajen kaucewa, domin asalinta mai hijirar neman ilimi ne, kuma almajiri yana da malami da makaranta da garin da zai koma. “Ɗan titi” da “ɗan tasha” suna ɗora wa mutum zargin lalacewa. “Marar galihu” da “marar gata” su ne suka fi kusa da zuciyar labarin, domin suna nufin wanda ba shi da mai tsaya masa. Amma su ma ba su ce komai game da wurin kwana ba: mutum na iya zama cikin ɗakinsa ya kasance marar galihu.

Wato kalmomin sun kasu gida biyu. Waɗanda suka kama wuri sun saki dangi, waɗanda suka kama dangi sun saki wuri. Wadda ta haɗa biyun, gida, ta yi faɗin da ba za a kore ta da “marar” ba tare da an kore asalin mutum ba.

Wane ne tsohon soja a wannan ƙasa?

Rabin sunan na biyu ma yana da nasa tarihi. Sojan zamani ya shigo ƙasar Tasawa da wuta. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa, ciki har da Birnin Ƙonni. A ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya dakatar da shi. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙen fata suka juya musu, suka kashe Chanoine sannan Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi, a gundumar Tasawa. Sojojin da mutanen yankin suka gani ke nan: 'yan Afirka cikin kayan Bature, daga rundunar da Faidherbe ya kafa a Sanagal a 1857.

Bayan haka aka fara ɗibar 'ya'yan ƙasar su ma. Dokar 1919 ta wajabta aikin soja na shekara uku a yankunan Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, ko da ba a yaƙi. 'Yan Nijar sun yi Yaƙin Duniya na Biyu, sun yi na Indocin da na Aljeriya. Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa 1987, yana cikin waɗanda suka yi aiki a rundunar Faransa a waɗannan yaƙe-yaƙe biyu na ƙarshe. A kudu da iyaka, Ingila ta kai Hausawa da yawa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu.

Barikin soja ya bar tabo a harshe. A ɓangaren Faransa an ƙirƙiro wani gurɓataccen Faransanci na ba da umarni, har aka buga littafin koyar da shi ga hafsoshi a 1916. A ɓangaren Ingila Hausa ce ta zama harshen rundunar, daga nan aka samu Barikanci, sauƙaƙƙiyar Hausar da sojoji masu harsuna daban-daban ke magana da ita. Hausar Nijar ta ari kumandan da jandarma da kaso daga Faransanci. Amma kalmar da ta fi ba da haske ita ce bariki kanta. An are ta daga Ingilishi da ma'anar mazaunin sojoji, sai ta faɗaɗa ta koma unguwar Turawa da ma'aikata, daga bisani ta zama duk wata rayuwa da ke wajen idon iyaye. “Ɗan bariki” a yau ba soja ba ne, mutum ne mai wayon zaman duniya wanda ba a cika amince masa ba. A tsarin ma'ana na Hausa, bariki ta zama kishiyar gida. Saboda haka tun kafin a ce tsohon soja ya rasa wurin kwana, harshe ya riga ya ajiye shi a gefen da ke nesa da gida.

Akwai suna na girmamawa, wato 'yan mazan jiya, wanda ake ji musamman a Najeriya ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji. Sai dai jam'i ne na biki da fareti. Da wuya a nuna mutum ɗaya da ke kwance a tasha a kira shi da shi.

Misali na gaskiya mafi kusa da labarin NCIS ya faru ne a Faransa. Dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, ciki har da Nijar, yayin da na takwarorinsu Faransawa ke ƙaruwa. A ranar 30 ga Nuwamba 2001 kotun ƙoli ta harkokin mulki ta Faransa ta yanke hukunci, a ƙarar Amadou Diop ɗan Sanagal, cewa wannan wariya ce. Fim ɗin Indigènes na 2006 ya ƙara matsa wa gwamnati, amma sai a 2011 aka kammala daidaita fanshon. A tsakanin nan wasu tsofaffin sojoji sun koma Faransa domin karɓar tallafin tsufa, wanda sharaɗinsa shi ne zama a ƙasar aƙalla wata shida a shekara. Suka zauna su kaɗai a ƙananan ɗakuna a garuruwa irin su Bondy, kusa da Paris, iyalansu na Afirka. Sai a Janairun 2023 aka ɗage musu sharaɗin, a watan Afrilu kuma tara daga cikinsu suka koma Sanagal. Bisa ma'aunin hukuma waɗannan dattawa suna da adireshi. Bisa ma'aunin Hausa sun yi shekaru ba sa gida.

Nahawun rabuwa

Zare na biyu na labarin, wato rabuwa da dangi, Hausa tana da kayan aikinsa fiye da yadda ake buƙata, kuma a nan ne mai fassara ya fi bukatar taka-tsantsan. Zumunci ya fito daga zumu, ɗan'uwa. Aikatau da ke tafiya da shi suna nuna yadda ake kallon sa: ana sada shi, ana ƙulla shi, ana yanke shi, kamar igiya. Karin maganar da ke cewa zumunci a ƙafa yake ta ƙara da cewa tafiya ce ke riƙe shi. Soja kuwa mutum ne da ƙafarsa ba tasa ba ce, sai inda aka tura shi.

Kowace jimla ta rabuwa tana nuna wanda ke da laifi. “Ya bar gida” ta ɗora aikin a kansa, tana kuma jawo karin maganar kowa ya bar gida, gida ya bar shi. “Ya shiga duniya” ta ƙara masa zargin ɓata. “An kore shi” ta ɗauke laifin daga kansa, amma ta ɓoye mai korar a bayan wakilin suna an. “Sun rabu” ta raba nauyin daidai. “Zumunci ya yanke” ta mai da abin kamar igiya ce ta tsinke da kanta. Ingilishi yana da sifa guda, estranged, wadda ba ta faɗin wanda ya fara. Hausa takan tilasta wa mai magana ya zaɓi jimla, jimla kuma tana da mai aikatawa.

Aikatau biyu sun cancanci kulawa ta musamman. Na farko shi ne yafe, wanda a bakin mutanen ƙasar Maraɗi ake jin sa yahe. In uba ya ce “na yafe maka”, ya yi gafara. In ya ce “na yafe ka”, ya cire ɗan daga cikin 'ya'yansa. Aikatau ɗaya ne, bambancin kawai shi ne ko ɗan ya zo a matsayin karɓau kaikaitacce ko karɓau kai-tsaye. A jimla ta farko laifin aka saki, a ta biyu mutumin aka saki. Gaɓa ɗaya ce tsakanin sulhu da tsinuwa, kuma mai fassarar da ya yi sakaci da ita zai juya ƙarshen labari.

Na biyu shi ne sallama. Ana sallamar soja daga aiki, ana sallamar majiyyaci daga asibiti, iyaye kuma kan ce sun sallama ɗa ga duniya in sun gaji da shi. Jimlar “an sallame shi” ita kaɗai tana iya ɗaukar tarihin irin mutanen da shirin ya nuna: runduna ta sake shi, asibiti ya sake shi, gida ya sake shi. A wannan gaɓa Hausa ta fi harshen asalin shirin taƙaitawa.

Raunin da ba a gani

Irin waɗannan shirye-shirye sukan danganta kwanan titi da ciwon da yaƙi ke barin wa zuciya: firgita cikin barci, razana da ƙara, gudun mutane, saurin fushi. Likitocin Amurka sun ba shi suna a hukumance tun 1980. A Hausa kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce hauka, ko taɓin hankali in an sassauta. Haɗarin a bayyane yake. A garuruwan Hausa, babban mutumin da aka saba gani yana kwana a kasuwa ko bakin tasha shi kaɗai, cikin tsumma, mahaukaci ake kiran sa. Hoton da ke kan allo zai ja mai kallo zuwa wannan kalma tun kafin a yi magana. In mai fassara ya tabbatar masa da ita, ya rufe ƙofar tambaya, domin ba a tambayar abin da ya kai mahaukaci titi. Siffantawa ta fi aminci: firgicin yaƙi, ko ciwon da yaƙi ya bar masa a rai. Sun fi tsawo, amma sun bar mutumin da hankalinsa da tarihinsa.

Kammalawa

Wannan magana ba ta tsaya ga fim ba. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin Tasawa da Mayahi kowacce ta haura mutum rabin miliyan. Gonaki suna ƙanƙancewa da rabon gado, gandu yana watsewa, samari suna tafiya biɗa zuwa Najeriya da Libiya da Aljeriya. Ita kuma Nijar tana cikin yaƙi tun harin Boko Haram a jihar Difa a Fabrairun 2015. A Inates an rasa sojoji 71 a Disambar 2019, a Shinagodar 89 a Janairun 2020. Waɗanda suka tsira daga irin waɗannan wurare za su dawo, wasu da rauni a jiki, wasu a rai, zuwa gidajen da ƙarfinsu na ɗaukar mutum ya ragu. Kalmomin da 'yan jarida da masu fassara da ma'aikatan lafiya za su kira su da su suna cikin abin da zai sa a karɓe su ko a kauce musu.

Ga mai fassara, mafita ita ce ya bar neman kalma ɗaya. Inda ake maganar ƙidaya da hukuma, “marar matsuguni” ta wadatar. Inda ake maganar halin mutum, jimla ta fi suna adalci: tsohon soja ne da ke kwana a waje, ba shi da mai cigiyarsa. Inda aka zo kan dangi, sai ya duba labarin da kyau ya ga wa ya bar wa kafin ya zaɓi mai aikatawa, in kuma labarin bai faɗa ba, “sun rabu” ta fi “ya bar gida” gaskiya.

Ga ɗalibin ilimin harsuna kuwa, akwai aiki a buɗe. Tsofaffin da suka ga dawowar sojojin Faransa suna ƙarewa a Tasawa da Korgom da Mayahi da Isawan. Sunayen da aka laƙaba wa waɗannan sojoji, da kalmomin bariki da suka shigo da su, da yadda ake ba da labarin wanda ya tafi bai dawo ba, duk bayanai ne na ilimin ma'ana da na walwalar harshe da ya kamata a naɗa tun masu su na da rai.